Karatu a Ƙasar Waje: Wa Zai Biya?

Da wuya shekara ta wuce ba a sami ɗalibi ko mahaifi ya zo ofishin malamai da tambaya a kan karatu a ƙasar waje ba. Wani sanarwa ya gani a waya, wani kuwa ɗan'uwansa ne a Kano ya ce ya san mai yi wa mutane hanya. Tun da yake wannan mujalla tana shiga gidajen ɗalibai da na 'yan ikkilisiya, daga Kankiya har Kusada da ƙauyukan da ke kewaye, ya kamata mu yi darasin nan a rubuce domin a riƙa komawa gare shi.

Bari mu fara da rarrabe abubuwa uku waɗanda mutane sukan haɗa su a baki ɗaya. Akwai cikakken sukolashif, wato wanda mai bayarwa yake ɗaukar kuɗin makaranta da na jirgi da ɗakin kwana da abinci da magani. Akwai ragi, inda jami'a takan yafe wani kashi na kuɗin makaranta, sauran kuwa yana wuyan iyaye. Sa'an nan akwai musayar ɗalibai: ɗalibi yana cikin jami'arsa ta gida, sai a aika shi wata jami'a a waje ya yi zango ɗaya ko shekara ɗaya, ya komo ya ƙarasa, digirinsa kuma na gida ne. Yawancin hawayen da ake zubarwa a kan wannan al'amari, daga ɗaukar na biyu a matsayin na farko suke fitowa.

Waɗanda suka riga mu

Tafiya neman ilimi a Turai ba sabon abu ba ne a Arewa. Dokta Barau Dikko, mutumin Wusasa ta Zariya, wanda aka sa wa babban asibitin nan na Kaduna sunansa, a Jami'ar Birmingham ta Ingila ya koyi aikin likita, shi ne kuma likita na farko daga Arewa. Farfesa Ishaya Audu, shi ma ta Wusasa ya biyo, ya yi karatu a Yaba da Ibadan kafin ya je Landan, daga baya ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi Kwalejin Katsina, sai a 1945 aka aika shi Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan, bayan ya yi shekaru yana koyarwa a Midil ta Bauci. Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946.

Ku lura da abu guda a kan mutanen nan. Babu wanda aka ɗauko daga ƙofar gidan ubansa aka sa a jirgi. Kowannensu ya fara nuna kansa a makarantun gida, wasu ma har sun kama aiki, sa'an nan aka zaɓe su. Haka abin yake har yau, ko da yake masu talla a waya ba sa faɗin haka.

Babbar ƙofa tana bayan digiri na farko

Wannan shi ne abin da nake so kowane ɗalibin ajin ƙarshe ya riƙe. Mafi yawan cikakkun sukolashif da ɗan Nijeriya zai iya nema, na digiri na biyu ne da na uku. Dalilin a fili yake. Digiri na farko shekara huɗu ne ko biyar, na likita ma shida, digiri na biyu kuwa a Ingila shekara ɗaya ne tak. Kuɗin da za a kashe wa yaro ɗaya ɗan shekara 18 wanda ba a san halinsa a karatu mai zurfi ba, zai ishi mutum huɗu waɗanda jami'a ta riga ta gwada su.

Ga misali, shirin Chevening na gwamnatin Ingila, wanda aka fara a 1983. Yana ɗaukar kome da kome na digiri na biyu, amma sai mai digiri na farko wanda ya yi aiki aƙalla shekara biyu, kuma dole ya yi alkawarin komowa ƙasarsa ya zauna shekara biyu bayan ya gama. Sukolashif na Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila, wanda aka kafa a 1959, shi ma na digiri na biyu ne da na uku, kuma yana neman sakamako mai daraja ta ɗaya, ko ta biyu ta sama wadda ake rubutawa 2:1. Asusun PTDF na Gwamnatin Tarayya yakan tura mutane waje a fannonin da suka shafi man fetur da makamashi, su ma sai waɗanda suka gama digiri suka yi bautar ƙasa. Hukumar DAAD ta Jamus da shirin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai duk a kan wannan layi suke. Har maƙwabtanmu na Kano, ɗalibai 501 da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara turawa, da 1,001 da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sanar a 2023, digiri na biyu aka tura su yi, an kuma tsamo su daga masu sakamako mafi kyau.

To, me wannan yake nufi ga yaron Kusada? Yana nufin hanyarsa ta zuwa Ingila ko Jamus, galibi ta Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina za ta bi, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ke nan kusa da mu, ko Bayero, ko Zariya. A jami'o'inmu ana auna sakamako a kan maki 5.00. Daga 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya ke nan, daga 3.50 zuwa 4.49 ta biyu ta sama. Makin nan tarawa ake yi tun daga zangon farko na shekarar farko, kuma wanda ya yi wasa a shekarar farko yakan sha wuya kafin ya ɗago. Na ga yara masu ƙwaƙwalwa da suka shiga jami'ar gida da fushi, wai sun rasa Turai, suka yi sakaci, suka fito da 2.80, ba su sani ba a lokacin ne suka rufe wa kansu ƙofar Turai ɗin.

Ga masu kiran aikin ikkilisiya ma haka ne. Asusun Langham, wanda John Stott ya fara a 1969, masu digiri na uku a tauhidi yake taimaka wa, waɗanda suka riga suka bi ta makarantu irin na Jos da Kagoro da Bukuru, da sharaɗin su komo su koyar.

Ƙananan ƙofofi ga mai takardar sakandare

Ba a ce babu ba. Akwai, sai dai ƙunci gare su, masu nema kuma daga ko'ina cikin duniya suke.

Gwamnatin Turkiyya tana da shiri mai suna Türkiye Bursları. Akan karɓi takardu ta intanet daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Mai neman digiri na farko kada ya kai shekara 21, sakamakonsa kada ya gaza kashi 70 cikin 100, mai son likitanci kuwa kashi 90. Wanda ya dace zai yi shekara guda yana koyon Turkanci kafin ya shiga aji. Gwamnatin Japan tana da nata, ta ofishin jakadancinta a Abuja ake nema, da rubutacciyar jarrabawa da ganawa, shi ma da shekarar koyon harshe a gaba. Kada ku raina wannan shekarar harshe. Ku tuna wahalar da kuka sha kafin Turanci ya zauna muku, sa'an nan ku ƙaddara koyon kimiyyar haɗa magunguna da harshen da ko haruffansa ba ku taɓa gani ba.

Gidauniyar Mastercard, tun 2012, tana biya wa yaran Afirka masu hazaƙa marasa ƙarfi karatu a jami'o'in da ta yi yarjejeniya da su. Da yawa cikinsu a Afirka suke, kamar Jami'ar Ashesi da ta Kwame Nkrumah a Gana, da Makerere a Yuganda. A wurin jami'ar ake nema kai tsaye. A ganina wannan ya fi dacewa da irin yaranmu, gama su ba sa kallon talauci a matsayin aibi, shi suke nema tare da hazaƙa, kuma Gana ba ta da sanyin da zai sa yaro kuka.

Sai kuma jiharmu. A zamanin Gwamna Ibrahim Shema an tura ɗalibai Sudan da Masar. Tsakanin 2023 da 2024 gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta tura ɗalibai 41 Masar koyon likitanci, da wasu 68 ƙasar Sin koyon sababbin fannonin kimiyya da fasaha. Ku yi lissafi: 41 da 68 sun zama 109. Ƙananan hukumomin Katsina 34 ne. Da a ce an raba daidai, kowace za ta tashi da mutum uku da ɗan ɗoriya. Kankiya da Kusada a haɗe, shida ko bakwai. Ku kwatanta da yawan yaran da suke zana WAEC da NECO a ƙananan hukumomin nan biyu kowace shekara. Duk wanda ya cika sharuɗɗa ya nema idan an sake sanarwa, ya kuma karanta sharuɗɗan da kyau tun daga farko har ƙarshe. Amma ya yanki fom na JAMB tukuna.

Ƙofa takan rufe

Shekaru da yawa babbar hanyar 'yan sakandare ita ce yarjejeniyar ilimi da Gwamnatin Tarayya ta ƙulla da ƙasashe irin su Rasha da Sin da Hangari da Maroko da Aljeriya da Masar, wadda ake kira BEA. Ƙasar da aka je ita ce take ba da gurbi, Nijeriya kuma ta ba da kuɗin guzuri. A 2024 aka rage guzurin daga dala 500 a wata zuwa 220, bayan an yi watanni ba a biya ba, har iyaye suka yi ta zanga-zanga a Abuja. A 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai a shirin. Asusun TETFund ma ya dakatar da tura malaman manyan makarantu waje daga Janairun 2025, saboda tsada da kuma waɗanda suke zuwa su ƙi komowa. Wannan na biyu abin kunya ne. Wanda ya tsere da sukolashif, ƙannensa ya cuta.

Ƙasashen da ake zuwa su ma sukan sauya. Daga Janairun 2024 Ingila ta hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyalinsu. A Disambar 2025 Amurka ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ta dakatar da ba mutanensu sabuwar bizar karatu da ta musaya, daga ranar 1 ga Janairun 2026. Akwai kuma yaƙi. A Fabrairun 2022 ɗalibanmu a Yukren da ƙafa suka tsallaka iyaka cikin sanyi. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum, ɗalibai masu yawa, cikinsu har da 'yan Katsina, suka yi kwanaki a hamada a bakin iyakar Masar kafin a kwaso su. Wasu suna shekarar ƙarshe ta likitanci.

Saboda haka labarin da ɗan'uwanka ya ba ka na yadda ya tafi shekara biyar da suka wuce, tarihi ne. Duba sharuɗɗan bana a shafin hukumar da kanta ko ofishin jakadancin ƙasar.

Ga iyaye: batun ragi da dillalai

A nan zan daɗe kaɗan, gama a nan ne gonaki da shanu suke salwanta.

Dillali zai zo da takarda mai tambari mai kyau, a rubuce an ba ɗanku sukolashif na kashi 50 cikin 100. Wasu jami'o'i masu zaman kansu kusan duk wanda ya nema suna ba shi wannan ragi, gama dabarar ciniki ce, kamar yadda mai atamfa yakan faɗi kuɗi sama domin a taya. Dillalin kuwa yana da la'adarsa a kan kowane kai. Bari mu ce kuɗin makarantar dala 6,000 ne a shekara, aka yafe rabi, saura 3,000. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, wato kimanin naira miliyan 1.4. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta kai wajen naira 1,500, wato miliyan 4.5. Makaranta ba ta ƙara ko kwabo ba, amma nauyin uba ya ninka fiye da sau uku cikin wata tara. Ba a sa ɗaki ba, ba a sa abinci da jirgi da sabunta takardar zama ba, kuma shekara huɗu za a yi ana biya. Ba tatsuniya ba ce: a 2024 wasu 'yan Nijeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila sun kasa cika kuɗin makaranta saboda faɗuwar naira, har aka umarce su su bar ƙasar. Hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna waje ma ta gargaɗi iyaye a 2020 a kan tura yara Arewacin Sayifrus, yankin da Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa.

Kafin a sayar da ko tunkiya, a sa ɗalibin da kansa ya zauna ya juya dukan kuɗin shekara huɗu zuwa buhunan masara a farashin kasuwar Caranci, ya karanta wa iyayensa. Sau da yawa maganar a nan take ƙarewa.

Duk shirye-shiryen da na ambata a sama, Chevening da na Turkiyya da na Japan da sauransu, kyauta ake cika takardar nemansu. Wanda ya ce a ba shi kuɗi ya sama wa yaro gurbi a cikinsu, ko da ɗan'uwa ne a majami'a, ko ya zo da sunan wani babba, a ce masa a'a. Kada kuma a ba kowa fasfon yaro ya riƙe.

Tambaya ta ƙarshe ga iyaye: idan ya komo, za a karɓi takardar? Wanda ya yi digiri a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa kafin ya tafi bautar ƙasa. Wanda ya karanta likitanci sai ya ci jarrabawar Hukumar Likitoci ta Nijeriya kafin ya taɓa majiyyaci, kuma ba kowa yake ci ba. A Disambar 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sami digiri a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Binin da Togo, daga baya ta ce jami'o'i takwas kaɗai ta yarda da su a ƙasashen biyu. Yaran da suka yi karatun gaskiya a makarantun da ba sa cikin takwas ɗin, su ma abin ya shafe su.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Yanzu ga abin da yake hannunku tun kuna makaranta.

Suna. Mu a gidajenmu yaro yakan tashi da suna biyu ko uku. A gida Istifanus, a takardar baftisma Stephen, a firamare an haɗa da sunan kaka, a WAEC da sunan uba. Rifkatu a nan, Rebecca a can. Mu mun san mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da yake duba takardu dubu a Ankara bai sani ba, ba shi kuma da lokacin tambaya. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da lambar NIN, da rajistar WAEC da NECO da JAMB, da fasfo, duk su ɗauki suna ɗaya, harafi da harafi, a jere iri ɗaya, da ranar haihuwa ɗaya. A gyara kafin rajistar ajin ƙarshe. Bayan sakamako ya fito, gyaran yana da tsada da ɗaukar lokaci. Masu rage shekaru kuwa, ƙaryar da aka yi a takarda ɗaya sai an yi ta ciyar da ita har tsufa.

Takardar asalin ƙaramar hukuma. Duk sukolashif na gwamnati yana nemanta. 'Yan asalin Kankiya da Kusada su karɓi tasu tun da wuri. Waɗanda aiki ya kawo iyayensu daga Filato ko Kudancin Kaduna ko Binuwai, ko da a nan aka haife su, galibi jihar uba ce za ta ba su, hukumar sukolashif ta can kuma ita za su nema. Idan an je gida Kirsimeti, a ware kwana ɗaya domin wannan.

Turanci da Lissafi. Kiredit biyar a zama ɗaya shi ne mafi ƙaranci, gasar kuwa ta masu A da B ce. Jami'o'i da dama a Ingila suna karɓar C6 na Turancin WAEC a madadin jarrabawar IELTS mai tsada. Ke nan darasin Turancin da wasu suke gudu ranar Litinin da safe, kuɗi ne tsaba.

Shaida da bayanin kai. Za a nemi wasiƙa daga malamin da ya koyar da kai. Wasiƙar Fasto tana shaidar hali, amma ba ta maye gurbin ta malami. Malami kuwa ba zai rubuta abin da bai gani ba. Za a kuma ce ka rubuta abin da ka taɓa yi wa jama'arka da abin da za ka yi idan ka komo. Kada ka kwafo daga intanet, masu dubawa sun karanta irinsa sau ɗari. Yarinyar da ta koya wa ƙannenta da 'ya'yan maƙwabta karatu a zaure kowane hutu, ko yaron da ya riƙe littafin kuɗin ƙungiyar matasa shekara biyu ba a rasa sisi ba, ko wanda zai iya bayyana yadda ciyawar wuta-wuta take cin dawar ubansa da abin da yake so ya koyo a kanta, yana da abin faɗi wanda ɗan birni ba shi da shi.

Kada kuma ku raina Hausa. Ana koyar da ita a jami'o'i a Hambug ta Jamus da Warso ta Folan da Beijin ta Sin. Shirin Fulbright na Amurka, wanda aka kafa a 1946, ya yi shekaru yana ɗaukar matasan malamai 'yan Nijeriya su je su koyar da Hausa ko Yarbanci a jami'o'in can na shekarar karatu ɗaya, suna ɗaukar darussa su ma. Wannan musaya ce ta sosai: ka kai naka, ka karɓo nasu. Wanda aka zaɓa kuwa, sai wanda ya iya bayyana bambancin "ya zo" da "ya zo" na labari, da dalilin lanƙwasa a kan ƙ da ɗ da ɓ, ba mai jin Hausar kasuwa kaɗai ba.

A hutun nan, kowane ɗalibi daga aji huɗu zuwa shida ya tattaro takardar haihuwarsa da ta firamare da ta ƙaramar sakandare da katin NIN, ya shimfiɗa su a tabarma tare da mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ya rubuta sunan da ranar haihuwar da ke kan kowace a takarda guda. A kawo wa malamin aji a makon farko na komowa, kafin a buɗe rajistar jarrabawa.